Tambaya: Yahudawa zaɓaɓɓun Allah ne har yanzu, ko Ikkilisiya ta gaje su?

Malama Saratu ta rubuta:

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. A wata mai kamawa ajin binciken Littafi Mai Tsarki na Zumuntar Mata zai shiga Romawa sura 9 zuwa 11, ni kuma aka ɗora wa koyarwar. Ga inda gizo ke saƙar. 1 Bitrus 2:9 ta kira masu bin Yesu zaɓaɓɓiyar kabila, firistocin Sarki, tsattsarkar al'umma, alhali Isra'ila aka fara faɗa wa irin kalmomin nan a gindin Dutsen Sina'i (Fitowa 19:5-6). Matiyu 21:43 kuma ta ce za a karɓe Mulkin Allah a ba wata al'umma mai ba da 'ya'ya. Sai ga Bulus a Romawa 11:1 yana tambaya ko Allah ya yar da jama'arsa, ya kuma amsa da kansa cewa sam bai yar ba.

A ajin akwai iyayenmu mata da suka je ziyarar Urushalima, a wurinsu wanda ya taɓa Isra'ila ya taɓa ƙwayar idon Allah. Akwai kuma masu cewa ai su suka gicciye Yesu, zancensu ya ƙare. Don Allah masu sani ku taimaka: daga ina zan fara, mako nawa zai isa, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe?

Dattijo Ayuba ya rubuta:

Malama, Allah ya ƙara basira. Kada ki buɗe da tambayar "zaɓaɓɓu ne ko ba zaɓaɓɓu ba ne", don ajin zai dare biyu tun ba a buɗe Littafi ba. Ki buɗe da "an zaɓe su domin me?" Surorin uku ayoyi 90 ne, mako shida zai ishe ki in kina da awa ɗaya a kowane zama.

Makon farko kada ki taɓa Romawa, ki zauna a Tsohon Alkawari. Farawa 12:1-3: an kira Ibrahim domin ta wurinsa dukan kabilan duniya su sami albarka. Maimaitawar Shari'a 7:6-8: ba don yawansu aka zaɓe su ba, su ne ma mafi ƙanƙanta, sai don ƙaunar Allah da rantsuwar da ya yi wa kakanninsu, 9:4-6 ta ƙara da cewa ba don adalcinsu ba ne. Amos 3:2: ku kaɗai na sani cikin kabilan duniya, don haka zan hukunta ku saboda laifofinku. Sai Ishaya 49:6, zancen haske ga al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba. Daga nan matan za su gane da kansu cewa zaɓe kira ne zuwa aiki, nauyi ne kuma, bai taɓa hana hukunci sauka ba. Mulkin arewa ya faɗa hannun Assuriya a 722 kafin haihuwar Almasihu, Babila ta rushe Urushalima a 586, duk a lokacin suna zaɓaɓɓu. Hukuncin ya sauka, zaɓen bai tashi ba. Wannan shi ne harsashin duk abin da zai biyo baya.

Mako na biyu ki ba su labarin wasiƙar kafin ki shiga 9:1-13. Bulus ya rubuta ta daga Koranti wajen shekara ta 57. Wajen 49 Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma, shi ya sa Akila da matarsa suka tsinci kansu a Koranti (Ayyukan Manzanni 18:2). Da ya mutu a 54 suka fara komawa, suka tarar ikkilisiyoyin gida-gida sun koma hannun al'ummai. To gargaɗin sura 11 ba Yahudawa ake yi wa ba. Aya 13 ta faɗa ƙarara, da ku al'ummai nake. Mu ke nan.

Ki sa su ƙirga abubuwan da ke 9:4-5 da yatsa, takwas ne: zama 'ya'ya, ɗaukaka, alkawarai, Shari'a, sujada, wa'adodi, kakanni, da Almasihu kansa ta wajen jiki. Bulus bai ce da can nasu ne ba, nasu ne ya ce, kuma 'yan'uwansa da ba su gaskata ba yake nufi, waɗanda yake baƙin ciki dominsu.

Tuntuɓen farko yana 9:6, inda aka ce ba duk zuriyar Isra'ila ne Isra'ila ba. Da yawa sukan ce ga shi nan, Isra'ilar gaskiya mu ne. A wannan aya ba a shigo da al'ummai ba tukuna, sai a aya 24. Abin da Bulus ke yi shi ne nuna ƙaramin da'ira a cikin babba: Ishaku cikin 'ya'yan Ibrahim, Yakubu cikin 'ya'yan Ishaku. A yi taka-tsantsan a nan, musamman mu da muke zaune da maƙwabta Musulmi: kada darasin ya koma zagin Isma'ilu. Farawa 17:20 da 21:18 sun ce Allah ya sa masa albarka, ya yi alkawarin mai da shi babbar al'umma. Layin da alkawarin Almasihu zai bi ake magana, ba wanda Allah ya tsana ba.

Mako na uku 9:14-33, na huɗu sura 10. Sura 10 ita ce amsar iyayenmu masu ganin Bayahude ya tsira tun da Bayahude ne. Bulus yana roƙon Allah su sami ceto (10:1), ba a kuwa roƙa wa mutum abin da yake hannunsa. Aya 12 ta ce babu bambanci, Ubangiji ɗaya ne na kowa.

Sura 11 ki ba ta mako biyu, ita ce zuciyar zancen. Ayoyi 1-10 kan ragowar masu aminci ne, da misalin mutum 7,000 na zamanin Iliya. Ayoyi 17-24 su ne na itacen zaitun, kuma duk wadda ta taɓa ganin auren mangwaro za ta kama shi nan take. Mai lambu yakan samu dashen mangwaron gida mai ƙarfin saiwa, ya tsaga shi, ya soka reshen iri mai kyau, ya naɗe da leda. Reshe mai daraja ake ɗorawa a kan gindi na banza. Bulus ya juya abin: reshen jeji aka ɗora a kan gindi mai daraja, shi ya sa a aya 24 ya ce abin ya saɓa wa ɗabi'a. Ki sa su lura da abu uku: itacen ɗaya ne, ba a sare shi an dasa sabo ba, waɗansu rassa aka karya, ba duka ba, kuma Allah yana da ikon mai da su gurbinsu (aya 23).

Ayoyinki biyu kuwa, Matiyu 21:43 ki karanta ta har zuwa aya 45: manyan firistoci da Farisiyawa sun gane da su yake. Gonar tana nan, masu kula da ita aka sauya, waɗanda aka danƙa wa kuma manzanni ne, Yahudawa su ma. 1 Bitrus 2:9 gaskiya ta ba mu sunayen Isra'ila, amma ba ta ce an ƙwace su daga hannun kowa ba. Gado ai sai mai abu ya mutu. Afisawa 2:19 da 3:6 abokan tarayya suka kira mu, baƙin da aka shigar cikin gida.

Fasto Iliya ya rubuta:

Baba Dattijo ya shimfiɗa tsari mai kyau, Malama ki bi shi. Sai dai ya kamata ki san cewa ikkilisiyoyinmu ba bakinsu ɗaya ba kan abin da ya rage a gaba, don kada wata ta kawo abin da fastonta ya koya mata ki ɗauka ɓata ce.

Hanyar da Baba ya bi ita ce ta masu tiyolojin alkawari, wadda ta fi ƙarfi a ikkilisiyoyi irin su NKST da CRCN: jama'ar Allah ɗaya ce tun daga Ibrahim, alkawaran kuma sun cika cikin Almasihu. Ɗaya hanyar ita ce koyarwar zamanai. John Nelson Darby ne ya tsara ta a Birtaniya a ƙarni na 19, ta yaɗu sosai ta hanyar Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield da ya fito a 1909, da makarantu irin ta tiyoloji da ke Dallas wadda aka kafa a 1924. Mishanoni da dama na ƙungiyar mishan ta SIM daga makarantun Amurka da Kanada masu wannan koyarwa suka fito, shi ya sa za ki ji ta a bakin tsofaffin masu bishara da yawa. Ita ta raba Isra'ila da Ikkilisiya, ta ce alkawaran ƙasa da sarauta da aka yi wa Isra'ila za su cika mata a zahiri.

Ni a nan nake, ga kuma hujjojina. Sabon alkawarin Irmiya 31:31 da gidan Isra'ila da gidan Yahuza aka ce za a yi shi, ayoyi 35-37 kuma sun ce sai in tsarin rana da wata ya gushe ne Isra'ila za ta daina zama al'umma a gaban Allah. A Ayyukan Manzanni 1:6-7 almajirai sun tambaya ko yanzu ne za a maido wa Isra'ila mulki. Yesu bai ce sun yi kuskuren fata ba, cewa ya yi sanin lokaci ba nasu ba ne. Luka 21:24 ta sa iyaka ga tattake Urushalima, har zamanin al'ummai ya cika.

Amma ɓangarenmu ma yana da ramukansa, gara in faɗa da bakina.

Na farko Farawa 12:3, inda Allah ya ce wa Ibrahim zai la'anta wanda ya la'ance shi. Ana jan ta a ce duk wanda ya soki gwamnatin Isra'ila ya jawo wa kansa la'ana. Ibrahim shi kaɗai aka faɗa wa maganar. Gaskiya ne an maimaita ta ga Yakubu a 27:29 da kuma jama'ar a Littafin Ƙidaya 24:9, amma annabawan da suka fi kowa ƙaunar Isra'ila su ne suka fi kowa tsawata wa sarakunanta. Natan bai zama la'ananne ba don ya tsaya gaban Dawuda. Ƙasar da aka kafa a 1948 gwamnati ce mai majalisa da jam'iyyu, wajen kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Larabawa ne, cikinsu har da Kirista. Yahudawan duniya wajen miliyan 15 ne, fiye da rabinsu ba a can suke zaune ba. Ki raba wa ajin abu huɗu a kan allo: Yakubu, jama'ar Tsohon Alkawari, Yahudawan yau, da ƙasar yau. Kowace aya a tambaya wanne take nufi.

Na biyu lissafin kwanaki. A Amurka an ɗauki itacen ɓaure na Matiyu 24:32-34 a matsayin 1948, aka ƙara tsara ɗaya ta shekara 40, aka ce 1988 ne ƙarshe. Shekarar ta zo ta wuce. Dalilin kuskuren a fili yake: Luka 21:29 ta ce ɓaure da dukan itatuwa, Matiyu 24:36 kuma ta rufe ƙofar shaci-faɗi.

Katikis Yakubu ya rubuta:

Gaisuwa ga iyayena. Ni kan masu cewa "su suka kashe Yesu" zan tsaya, don maganar nan ta ci rayuka, bai kamata a bar ta ta wuce da murmushi ba.

Tana da tarihi. Wajen shekara ta 160 Justin Mai Shahada ya riga ya rubuta cewa Ikkilisiya ce Isra'ila ta gaskiya. A 386 da 387 Yohanna Kirisostom ya yi wa'azozi masu zafi a Antakiya kan Kiristan da ke zuwa majami'un Yahudawa. Agustin ya ɗan ja birki, ya kafa hujja da Zabura 59:11 cewa kada a kashe su, amma a ganinsa warwatsuwarsu shaida ce ga gaskiyar Ikkilisiya. Majalisar Ikkilisiya ta Lateran ta huɗu a 1215 ta ce su sa tufafin da za a gane su. An kore su daga Ingila a 1290, daga Sifen a 1492. Martin Luther da ya yi musu magana mai taushi a 1523, a 1543 ya rubuta cewa a ƙone majami'unsu, 'yan Nazi kuma suka tono rubutun suka yi amfani da shi. Yahudawa miliyan 6 aka hallaka a Turai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Babu ɗarikar da za ta nuna wa wata yatsa.

Bayan haka ne aka koma aka sake karanta Romawa 11. Ranar 28 ga Oktoba 1965 Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar da sanarwar Nostra Aetate. Sashe na 4 ya ce ba za a ɗora abin da ya faru a shan wuyar Almasihu a kan dukan Yahudawan wancan lokaci ba, balle na yau, kuma kada a nuna su a matsayin waɗanda Allah ya ƙi ko ya la'anta. A 1980 a Mainz Paparoma John Paul na Biyu ya kira su jama'ar alkawarin da Allah bai taɓa sokewa ba, a 1986 kuma ya shiga babbar majami'arsu a Roma. Ikkilisiyar Lutheran ta ELCA a Amurka ta fito fili ta yi tir da kalaman Luther a 1994.

Ga yadda za ki bi da ayoyin, Malama. Matiyu 27:25, jininsa a kanmu da 'ya'yanmu: taron da ke farfajiyar Bilatus ne ya faɗa, ba Allah ba, kuma Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Ki haɗa ta da Luka 23:34 da Ayyukan Manzanni 3:17. Ayyukan Manzanni 4:27 ta jera masu hannu: Hirudus, Bilatus, al'ummai, da mutanen Isra'ila. Gicciye kansa hukuncin Romawa ne. A Bisharar Yahaya, wurare da yawa da aka ce "Yahudawa" shugabannin Urushalima ake nufi, don Yesu da almajiransa da uwarsa duk Yahudawa ne, a 4:22 kuma shi ya ce ceto daga Yahudawa yake. Mutum 3,000 na ranar Fentikos Yahudawa ne da waɗanda suka shiga addininsu, Ayyukan Manzanni 6:7 ta ce firistoci masu yawa sun ba da gaskiya, 21:20 ta ambaci dubbai. Wanda ya yi musu kuɗin goro ya haɗa da Bitrus da Maryamu.

Inda muka bambanta da su Baba Fasto: takardar Vatican ta Disamba 2015 ta ce babu hanyar ceto biyu, amma Katolika ba ta da wata hukuma ta musamman don juyo da Yahudawa, sai shaidar kowane Kirista cikin tawali'u. Masu bishara kuwa a Sanarwar Willowbank ta 1989 sun tsaya kan cewa wajibi ne a kai musu bishara kai tsaye. Batun ƙasar Isra'ila kuma, tun 1985 Vatican ta ce da ma'aunin dokokin ƙasa da ƙasa za a duba shi, ba a matsayin hukuncin addini ba.

Malama Saratu ta rubuta:

Na gode iyayena, Allah ya saka. Saura 11:26, dukan Isra'ila za su sami ceto. Na tabbata a nan za a tsare ni. Wace amsa zan bayar?

Dattijo Ayuba ya rubuta:

Ki gaya musu fassara uku ce, kowace da manyan malamai a bayanta. Calvin ya ce dukan Isra'ila na nufin dukan jama'ar Allah, Yahudawa da al'ummai. Rauninta shi ne a aya 25 Isra'ila na nufin Yahudawa, a aya 28 ma su ake nufi, da wuya a ce ma'anar ta sauya a tsakiya ta kuma dawo. Ta biyu, wadda su Bavinck da Berkhof suka riƙe, ta ce jimillar Yahudawan da ke gaskatawa ne tsara bayan tsara. Tana da tsabta, sai dai an tambaye ta: in haka ne kawai, mene ne asirin da Bulus ya ce zai bayyana a aya 25? Ta uku ta ce akwai lokacin da Yahudawa masu yawan gaske za su juyo ga Almasihu bayan cikar al'ummai. Ba ta masu koyarwar zamanai kaɗai ba ce, Charles Hodge da John Murray ma ita suka bi. Ni ma ita na fi gamsuwa da ita saboda ayoyi 12 da 15. "Duka" a nan jama'ar ce a dunƙule, ba kowane mutum ɗaya-ɗaya ba, aya 23 kuma ta sa sharaɗi: in ba su nace da rashin bangaskiya ba.

Abin da ba za ki sassauta a kai ba shi ne ayoyi 28 da 29. Ki rubuta su gida biyu a allo. Ta wajen bishara sun zama magabta saboda ku. Ta wajen zaɓe ƙaunatattu ne saboda kakanni, don Allah ba ya janye baiwarsa da kiransa. Kowane ɓangare na ajinki rabi ɗaya ya riƙe ya saki ɗayan. Ki sa kowane ya karanta rabin da ba ya so da babbar murya.

Inda na rabu da Fasto shi ne ƙasa. A dukan ayoyi 90 ɗin nan Bulus bai yi alkawarin komawa ƙasa ko sake gina Haikali ba, ceto da jinƙai da gafarar zunubi ya ambata. A Romawa 4:13 ma duniya ce ya ce Ibrahim zai gāda.

Fasto Iliya ya rubuta:

Baba, "alkawarai" na cikin abubuwa takwas ɗin da ka sa a ƙirga, ƙasa kuwa tana cikinsu, Farawa 15:18 da 17:8. Rashin ambato ba sokewa ba ne. Amma na yarda ba a sura 11 za a yanke wannan ba. Malama, in zancen ƙasa ya taso ki ware masa zama na bakwai, ki haɗa ayoyin nan biyu da Littafin Firistoci 25:23, Maimaitawar Shari'a 30:1-6 da Ezekiyel 47:21-23, inda aka ce baƙon da ke zaune a cikinsu ma a ba shi rabonsa. Ki sanar da fastonku tun da wuri don ya zauna a wannan zaman.